Wuta, Mai, Iska

Asuba a At-Bashi, sanyi ya ciji ƙasa,
ƙanƙara ta sauko har kafaɗun duwatsu.
Ciyawar da muka yanka tana can kan tsauni,
dami ɗari da 'yan kai,
tumaki kuwa ba sa cin alkawari.

Ga gingimarin babana Toktosun a bayan garke,
shuɗiya, ta girme ni da shekara goma sha ɗaya.
Tun da muka rufe shi a watan Afrilu
hannu bai taɓa sitiyarinta ba.
Kaji sun mai da inuwarta gida.

Na murɗa makulli.
Ƙas.
Shi ke nan abin da ta ce.

"Inji ba ya ƙarya," haka yakan faɗa
yana goge hannu a gefen wando.
"Baƙi uku yake jira: wuta, mai, iska.
In ya yi shiru, ɗaya bai zo ba."

Na ɗaga bonet. Kan batir ya yi furfura,
farin gari kamar gishiri a bakin tulu.
Na kankare da wuƙa, na zuba ruwan buta,
na ɗaure da sifana har yatsuna suka sandare.
Ƙas.

Mamatkul maƙwabci ya zo bisa doki,
batirin tarakta a gabansa kamar jariri.
Muka haɗa, ja da ja, baƙi da baƙi.
Sai ta yi gurnani, ta yi tari, ta ja numfashi,
kamar tsohon da aka tasa bai gama barci ba,
ta koma ta kwanta.

Fulogi takwas na kwance, na jera kan taya,
baƙi ƙirin, na goge su ɗaya bayan ɗaya.
Na ɗora guda a jikin ƙarfe, na ce, "Murɗa!"
Tartsatsi shuɗi ya yi tsalle,
ya sare ni har gwiwar hannu.
Mamatkul ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
To, wuta ta zo.

A matatar iska ɓera ya yi sheƙa,
gashin tunkiya, sha'ir, da yagen tsohuwar takarda.
Na kwashe. Iska ta zo.
Ita kuwa ko gezau.

Na ƙwanƙwasa tanki, ya amsa da nauyi.
Kafireta kuwa a bushe ƙamas.
Na cire tiyo, na busa, na zuƙa,
ban samu ko ɗacin fetur a harshe ba.
"Famfon mai ya mutu," in ji Mamatkul.
"Sai an je Narin. Ko ki kira masu sayen ƙarfe."
Na zauna kan dutse, na ƙi kallonsa.

Can sai ga inna Burul da shayi mai gishiri,
ita da ba ta bi ta nan ba tun Afrilu.
Ta ajiye kofi, ba ta kalli motar ba.
"Sirga, kin sa hannu ƙarƙashin kujera?
Tankin yana ɗiga. Kullum da magariba
sai ya rufe, sannan ya shigo cin abinci."

Na durƙusa, na laluba cikin ƙura.
Ɗan famfo na tagulla, an naɗe shi da tsumma,
a matse tam, irin matsin hannunsa.
Na daɗe riƙe da shi.
Wannan ne abu na ƙarshe da ya rufe.

Na buɗe.

Totur sau uku. Makulli.
Tari, tari, atishawa,
sai ruri ya cika garke,
kaji suka watse, doki ya tsinke linzami.
Inna ta juya baya tana share ido da ɗankwali.
"Hayaƙi ne," ta ce, ba wanda ya tambaye ta.

Na taka kuloci, giya ta yi ƙara ta shiga.
Kujerar ta lotsa daidai zaman wani,
sai da na sa rigarsa a baya
kafin ƙafata ta kai.