Digiri Biyar

A Wichita iska ba ta sallama.
Ta taso daga gonakin alkama,
ta bugi ƙofar rumfar jirage tun asuba.
Ni ina ciki da ma'auni a hannu,
ƙarƙashin fiffiken da bai taɓa ɗanɗana sama ba.

Delbert Unruh, shekara arba'in yana ɗaure kusoshi,
ya ce, "Tsuguna a gaban hancinsa, Ɗanlami, ka duba."
Na tsuguna.
Ashe fikafikan ba a shimfiɗe suke ba.
Kowanne ya ɗan ɗaga daga kafaɗa zuwa baki,
digiri biyar,
abin da ido zai wuce bai gaishe shi ba.

Ya ce, "In guguwa ta mangare shi ya karkata hagu,
sai ya ɗan zame ta can.
Fiffiken da ya yi ƙasa shi zai tari iskar da ƙirji,
ya fi ɗan'uwansa samun madogara,
ya ɗago, su daidaita.
Matuƙi ko kofinsa bai ajiye ba."

Na ce to a ƙara mana, a kai ashirin.
Ya yi dariya har da tari.
"Sai ya riƙa rangaji yana kaɗa jela,
tafiyar agwagwa a tsakiyar gajimare,
fasinja na neman leda."
Na gane. Kanwa ce,
kaɗan ke gyara kuɓewa.

Da yamma a hanyar Newton na ga ungulun ƙasar nan,
jan kai, ba ta ko kaɗa fiffike,
ta ɗaga su kamar bakin ƙwarya
tana lilo, tana komawa daidai.
Na tuna 'yar'uwarta a mahautar Gusau
da duwatsun da na jefe ta da su.
Ban san malama nake jifa ba.

Bana Delbert ya ajiye aiki.
Hannu na rawa, kusa ta daina yi masa biyayya.
Ranar sallamarsa ƙanƙara ta shafe filin motoci,
na miƙa masa kafaɗa, ya girgiza kai.
Ya taka shi kaɗai,
hannuwa a buɗe, sun ɗan ɗaga sama.
Ya karkata, gabana ya faɗi,
ya dawo.

Daga bakin ƙofa na rufe ido ɗaya na auna.
Biyar ne, ko shida.