Lita Huɗu a Hanyar Dass

A gidan man Wunti yarinya ta ce,
"Baba Maikano, ɗora yatsa."
Na ɗora. Na'ura ta ƙyafta ido,
ta kira sunana har da na kakana.

Rangwamen ɗari biyu a lita,
cikon na biya da sawuna.

Yanzu wani a ofis mai sanyi ya san
duk Talata nakan sha lita huɗu
dab da asibitin Bayara,
inda nake karɓar maganin
da ko Ladiyo ban gaya wa ba.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba,
amma tanki bai san wannan ba.

Jiya tura keken na yi
daga Yelwa har gida.
Gumi dai ba ya tambayar yatsa.