Abin da Layi Ya Bari

Ƙarfe biyun dare a Harobanda.
Wuta ta dawo, fanka ta ci gaba da kukanta,
ni kuma na koma kan mutum dubu da ɗari huɗu
da na tara a kwamfuta.

Albashi a hagu.
A dama: shekarun makaranta, shekarun aiki,
mace ko namiji, gwamnati ko kasuwa.
Can ƙarshe ɗan harafi guda,
rumbun duk abin da ban sani ba.

Na ja layi ta tsakiyar ɗige-ɗigen.
Ya ce kowace shekara a aji
tana ƙara bakwai cikin ɗari.
Na so in yarda. A kan wannan alkawari
inna ta sayar da tumakinta a Tawa.

Amma gwaji ba shi da kara.
Shekarun haihuwa da na aiki sun riƙe hannun juna,
na kasa gane wanda ke ɗauke da kayan.
Ɗige-ɗigen kuwa, suna yin sama suna bajewa
kamar tsintsiyar da ɗaurinta ya kwance.

Wani ɗigo ya ƙi layi, ya haye can bisa.
Na san shi: Illo mai gyaran firij a Katako.
Aji uku ya yi,
in zafi ya kama, jika ɗari uku yake ƙirgawa a wata.
Can ƙasa, Tsahara,
difloma biyu, shekara biyar tana koyon aiki
a kan kuɗin taksi.

Malam Gonda ya zagaye da jan alƙalami:
"Akwai abin da ka manta."
Ban manta ba, Malam.
Wane gurbi zan buɗe wa kawu a ma'aikata?
Da wane mudu ake awon "ɗan gidan wa ne"?
Ƴan ci-ranin Abijan ba su cika mini takarda ba.
Mai kopto a bakin gada ta ce
ita ba ta san albashi ba, ciniki ta sani.

Kashi talatin da ɗaya na iya bayyanawa.
Saura suna barci a Talaje da Gamkalle,
ba su san sun ɓata mini lissafi ba.

Kafin kiran asalatu na zuba nawa:
namiji, shekara goma sha bakwai a aji.
Layi ya yanka mini jika ɗari da tamanin.

Na lalubi aljihu.
Dala arba'in.
Shayi, da rabin burodi.