Huɗu Saura Kwata

A Agege aka yanke mini cibi,
inda jirgin ƙasa ke tsaga kasuwa biyu,
na sama kuma ya yi ƙasa-ƙasa zai sauka Ikeja
har ka ƙirga tayoyinsa.
Yara na toshe kunne,
ni baki nake saki har burodina ya faɗa kwata.

Babana, Malam Talle, gyaran agogo yake
a kan teburin gilashi, bakin dogo.
In jirgi ya gifta, ƙananan kusoshi su hau rawa a faranti,
ya ɗaga hantsaki, ya jira ƙarar ta wuce.
Bai taɓa ɗaga kai ba.

Ran da na kawo takardar,
na ninke ta huɗu cikin leda saboda ruwa,
na ce, "Baba, sojan sama. Tuƙi nake so.
Hannunka suke nema a nan."
Ko madubin idonsa bai cire ba.
"Na ba gwamnati ƙane," ya ce,
"ta maido mini da akwatin ƙarfe.
Lurwanu, ba a ƙara wa mai tsohon bashi sabo."

Umma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.
Waina dai ta ƙone mata kwana uku a jere
har Iya Mulika ta leƙo ta katanga, ko lafiya?
Da dare, an ɗauke wuta, ta miƙo allura.
Na zira mata zare a hasken aci-balbal.
"Wannan idon," ta ce, "da manja da zogale na raine shi,
shi ne za ka kai wa gajimare."

Na tura Liman.
Na tura Alhaji Haladu na Idi-Araba da farin goro.
An ci goro, an sha shayi,
magana na nan inda aka same ta.
Sai na bar aike.
Na jawo benci gefen tebur,
ina goge gilashi, ina miƙa batir,
ban ƙara cewa uffan ba.

Mako biyar, sannan ya buɗe akwatin.
Hula, bel, warin gishirin teku da tsatsa,
da agogon Kawu Isiyaku,
fuska a tsage, hannu a tsaye kan huɗu saura kwata.
"Shekara goma sha ɗaya na kasa buɗe bayansa.
Tashe shi."

Kwana goma sha tara na yi a kai.
Akwai wata waya a ciki, ta fi gashin jariri siranta,
sau biyu tana tsalle ta ɓace a ƙurar Agege,
ina rarrafe, 'yan acaba na dariya.
Ran ƙarshe, ina daf da ɗaura ta,
babban jirgi ya taho, tebur ya kama kyarma.
Ban ɗaga kai ba.
Karo na farko ke nan a rayuwata.
Na riƙe numfashi, na sa ta a gurbinta.

Tik.
Ya kara a kunne, ya daɗe, ya daɗe,
har mai gasa masara ta juya kai ta ba shi wuri.

Da biron da yake rubuta wa mutane rasit ya sa hannu,
da ajami, a hankali, kamar mai ɗinke rauni.
Ya ɗaura mini agogon,
ya tura shi gaba da minti biyar:
"Don ka riƙa dawowa da wuri."

Umma ta cusa yaji da dambun nama a jaka,
ta tsaya a bakin ƙofa, zani a hannu.
"Ban yarda ba tukuna," ta ce, "addu'a dai nake.
In ka biyo ta kan Agege, ka rage ƙara,
babanka na aiki."

Motar Kaduna ba ta cika ba sai bayan azahar.
Ta taga na hango shi tsaye cikin cunkoso,
wani jirgi na yanka sama,
ya dafe hula da hannu ɗaya,
yana bin sa da ido har ya shige hadari.