Turmin Ige

A Tsohuwar Kasuwa na tsince shi,
cikin kwali ɗaya da matattun batura da murfin tukunya.
Kaset ne, gefensa ya tsage,
an rubuta da jan biro: Labbo mai gurmi, Kware.
Mai kayan ya ce in kawo abin da ya sauwaƙa.

Dare tara a ɗakina na Mabera,
janareta na tari a bakin ƙofa,
ina wanke muryar mutumin da ban taɓa gani ba.
Na cire shuuu ɗin zare,
na cire kukan akuya, na cire carar zakara,
na cire wani dum, dum, can daga baya
da na ɗauka ciwon rikoda ne.
Gurmi ya tsaya shi kaɗai, fes, kamar an yi masa aski.
Sai na shimfiɗa masa gangar kwamfuta a ƙasa,
mai nauyi, irin mai girgiza gilashin mota.

Ya bi gari.
'Yan kabu-kabu suka ɗauka,
masu shayin Gawon Nama suka ƙure lasifika,
na ji shi a gidan biki a Runjin Sambo, ban ce komai ba.

Aka kira ni gidan rediyo.
Zayyanu ya gyara makirfo, ya gyara hula:
Wane abinci ka fi so?
Ka yi aure?
Mabiya nawa gare ka a waya?
Wane kira za ka yi ga matasa?
Minti ashirin da biyar, har da tallar maganin basir sau biyu.
Na zo da labarin yadda zare ke tsufa,
na koma da shi a aljihu.

Da aka buɗe layi wata ta bugo:
Mai gurmin nan fa yana raye, kakana ne.

Muka tafi Kware ran Laraba, ni da Zayyanu.
Mun same shi gindin bedi yana tufkar igiya,
ido ya tafi, kunne yana nan.
Zayyanu ya kai masa rikoda dab da gemu:
Baba, yaya kake ji ka zama tauraro?
Baba, mene ne sirrin tsawon rai?
Tsoho ya ce gero da haƙuri.
Aka yi dariya, aka kashe rikoda,
Zayyanu ya tafi neman inda waya ke kamawa.

Sai na sa masa aikina.
Ya saurara har ƙarshe, igiya ta tsaya a hannunsa.

Yaro, wanga gurmi nau na.
Amma ina turmin?

Na ce wane turmi, Baba?

Ige ka daka, ni ka bi.
Ita ad da kiɗin, ni rakiya ni kai.
Randa anka ɗauki wanga abu, hura ta ka yi muna.
Ko hoto guda ba ta bari ba.
Nan ɗai ta rage.

Na duba ƙasa.
Dare tara na yi ina share mace daga gidanta,
har ina murna aiki ya yi tsabta.

Kaset ɗin na cikin jakata, da ƙaramar rediyo ta aro.
Na danna.
Shuuu, akuya, zakara,
sannan dum, dum,
taɓarya na sauka, tana ɗan jinkiri kafin ta uku,
inda mai daka ke jefa ta sama ta tafa.
Gurmi na jira a daidai wurin, ya ba ta hanya.
Tsoho na buga gwiwa da yatsa biyu,
leɓensa na motsi, ba da ni yake ba.

Zayyanu ya dawo yana kaɗa makulli:
An samu abin da ake so, mu kama hanya.

Daren nan na kashe gangar kwamfuta.
Na mayar da akuya, na mayar da zakara.
A jikin sabon bugu na rubuta da jan biro:
Ige, turmi.
Labbo, gurmi.
Na daɗe ina neman inda zan sa sunana.