Kunkuru a Shagon Brunilda

Matakala ɗari da goma sha bakwai
tsakanin ƙofata da shagon Brunilda.
Na ƙirga su yau ina saukowa
daga tudun da gidajensa suka sha fenti
kamar an kifar da kwandon lemo da tumatir.
Can ƙasa Valparaíso tana hamma,
jiragen ruwa suna gyaran murya a bakin teku.

Ximena ce ta matsa mini a waya:
"Goggo, gidan nan ya yi miki girma,
ki samo wani abu mai numfashi."
Ita tana Santiago.
Magana ba ta da nauyi a bakin na nesa.

Shekara tara na yi ina jinyar mahaifina.
Na san nauyin ƙafar da ba ta motsi,
na san ƙarfe uku na dare kamar yunwar cikina,
na san cokali, na san fo,
na san kowace ƙwayar magani da launinta.
Ranar da aka fita da shi
na yi barcin awa goma sha huɗu,
na farka ina jin kunyar daɗin da na ji.

Shi ya sa na ce wa Brunilda:
ba na son mai kirana da dare,
ba na son mai jirana a bakin ƙofa.
Ki ba ni wanda in na manta da shi kwana biyu
ba zai riƙe ni a zuci ba.

Ta yi dariya, haƙorin azurfarta ya leƙo.
"To kare ya fita, da ma sun cika unguwa.
Kyanwa kuwa 'yar haya za ta mai da ke a gidanki.
Kanari ya iya waƙa,
sai dai iskar teku ba ta barin ƙirjinsa lafiya.
Ga kifi."

Ja ne, bai wuce babban yatsa ba,
yana zagaya kwalba,
baki na buɗewa, baki na rufewa.
Haka bakin Baba ya riƙa yi a watan ƙarshe.
Na kau da kai.

A kusurwa, cikin akwatin katako,
ƙarƙashin ƙwan lantarki,
wani dutse ya miƙo wuya.
Ya dube ni sama da ƙasa,
bai ga abin burgewa ba,
ya koma kan ganyen latas ɗinsa.
Rabon da wani ya kalle ni ba don yana neman komai ba
har na manta.

"Wannan ba ruwansa da ke," in ji ta.
"Ganye, ruwa, 'yar rana a baranda.
In sanyin Yuni ya shigo sai ya ja jiki ya yi shiru.
Amma ki sani, yana iya kai shekara sittin."

Na yi lissafi a tsaye.
Hamsin da takwas gare ni.
Ashe ni ce zan bar shi.
Shi zai ga an sauko da ni
ta matakala ɗari da goma sha bakwai,
wata kuma ta gaji akwati da ƙwan lantarki
yadda na gaji cokali da fo.
Ximena ba ta san abin da ta jawo wa kanta ba.

Na tambayi kuɗi. Na ji. Na ce ya yi tsada.
Na ce wuyansa ya cika tamoji,
na ce ƙafafunsa kamar na tsohon masunci.
Brunilda ta ci gaba da goge kwalba,
tana murmushin wadda ta san
mai kushe kaya shi ke dawowa.

Na fito hannu rabbana.
Na hau tudu ina hutawa a kowace kwana,
gwiwa tana faɗin nata ra'ayin.

Ƙarfe uku na dare idona ya buɗe da kansa,
babu wanda ya kira.
Na shiga kicin neman ruwa,
sai ga latas a kan tebur, har da raɓarsa,
wanda na saya a hanya ban ankara ba,
ni da ban taɓa son latas ba.