Kunyar da Na Zana

A Lima rana kan yi watanni ba ta leƙo ba,
sama kamar kwanon da aka ci aka bari.
Ɗakina hawa na huɗu, taga ɗaya,
a ƙasa yaran mota na rera sunayen unguwanni.
Nan nake zane.

Duk wata uku Inna kan ɗora buhu a motar Huancavelica:
dankali iri tara, wani baƙi wuluk, wani ja kamar dasashi,
cuku naɗe a tsumma,
da ƙullin ƙasa uku da na roƙa.
Direba kan yi dariya: "Nelida, wa ke aiko ƙasa birni?
Ko a kan katifa za ki yi shuka?"

Nakan niƙe ta a ɗan turmi,
in kwaɓa da gwaiduwar ƙwai.
Ja daga gangaren da kakana ya karye a ƙafa,
rawaya daga bakin rafi,
baƙa daga makwancin tumaki.
Da ruwa ya taɓa ta sai ɗakin ya ɗau ƙanshin yayyafin farko,
har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa,
wai me na ɗora a wuta.

Na zana ƙafafun mata da hantsi
suna tattake dankalin da sanyin dare ya daskarar,
su matse shi, ya shekara biyar bai ruɓe ba.
Na zana fartanya jingine, ƙotarta ta sha gumi ta yi santsi.
Na zana gonarmu, maƙale a jikin dutse,
faɗin hoton ya kai ƙofa biyu.

Ranar baje koli aka cika.
Masu tabarau suna ja da baya, suna karkata kai.
Wata mai zobba ta ce hoton na numfashi,
ta biya kuɗin da ya fi girbin shekara uku.

Baba ya iso a makare,
ya kwana a mota, takalmin taya a ƙafa,
hularsa a ƙirji kamar mai shiga gaisuwa.
Ya tsaya gaban gonar.
Ya daɗe.
Ni kuwa ina bayansa, bakina ya bushe.

"Wa ya yi wannan huɗar?"
Na ce kai ne mana, Baba.
"Ba ni ba.
Teodosio bai taɓa miƙe kunya daga sama zuwa ƙasa a gangaren nan ba.
Ruwan farko zai kwashe iri da ƙasar duka,
ya kai wa mutanen kwari kyauta."

Shekara shida ina koyon haske da inuwa,
ashe na mance hanyar ruwa.
Kunya ɗaya a bango,
ɗaya ta lulluɓe ni har tafin ƙafa.

Da aka watse na roƙi mai gadi.
Muka sauke hoton, muka kwantar a daɓe.
Ina kankarewa da bakin wuƙa,
Baba riƙe da fitilar waya a karkace,
yatsansa mai faso yana yawo sama da allon.
"Kwantar da ita. A'a, kin cika sauri.
Zagaya dutsen, kada ki yi faɗa da shi.
Bar wa ruwa 'yar ƙofa a nan,
baƙo ne, sai an nuna masa mafita."

Asuba ta same mu a kunya ta goma sha ɗaya,
ƙwai ya ƙare, gwiwoyina sun sage.
Ban san me mai zobba za ta ce ba.

Baba ya durƙusa da ƙyar,
ya kai hanci kusa da jan da bai bushe ba,
ya shaƙa sau biyu.
"Ta gangaren kakanki ce," ya ce.
"Ba ta karɓar wake.
Kada ki kuskura ki zana mata wake."